Notin da Ya Rage

Sidi dubu huɗu na ƙirga wa Fuseini mai burodi,
ya miƙo mini makulli ɗaure da zaren buhu.
Babur ɗin yana tari kamar tsoho a sahun baya,
kushin ya yage, soso ya leƙo,
in rana ta dake shi
har yanzu ƙamshin burodi ke tashi.

Da ƙafa na turo shi Aboabo.
Na shimfiɗa kwali a tsakar gidan haya,
tsakanin famfo da igiyar shanya.
Sufana uku gare ni, ɗaya ma ta aro ce.
Kwanon shan Inna na ɗauka
na zuba notuna a ciki.
Kwana biyu tana cigiya,
da ta gan shi sai ta ce, "Allah ya shirya,"
ta saki labule.

Ran Asabar na hau mota zuwa Suame.
Masta Kwadwo ya juya kafireto a tafin hannu,
ya hura, ya kara a kunne,
ya ce da Hausarsa mai ɗingishi:
"Wannan bai mutu ba, datti ya sha."
Ya sayar mini da ringi da fulogi
da faifan sarƙa mai ƙarancin haƙora.
Gudu zai ƙaru, in ji shi,
amma a kan tudu za ka biya bashin.

Gwangwanin tumatir, fetur rabi,
tsohon buroshin haƙori,
da allurar Barikisu da na zare daga kekenta
na tsokale ƙofar mai
wadda ba ta kai idon kiyashi ba.
Dare uku ina goge tanki da samfefa
har yatsuna suka daina gane zafin shayi.

Shuɗi na fesa, irin na bula,
na ja masa zare rawaya a kwiɓi.
Kafin ya bushe
zakaran mai gida ya bi ta kan madigadi,
ya bar sawu uku.
Na ɗaga samfefa. Na ajiye.
Wane mai fenti ne a Kumasi
zai zana maka wannan?

Barikisu ta ɗinka kushin da guntun leda baƙa,
ta yi masa baki da ragowar yadin wata mata
da ba ta dawo karɓa ba tun azumi.

Sai salansa.
Na cire masa hanji gaba ɗaya,
ina son in na tayar a nan
a ji ni a Asawase.

Bayan asuba na buga kik.
Shiru. Na sake. Na sake.
A na bakwai ya yi tsawa,
kwanon rufi ya amsa,
jaririn ɗaki na huɗu ya ɗauka.
Anti Adwoa, wadda yanzu ta sauko daga aikin dare a asibiti,
ta fito da ɗaurin ƙirji
ta tsaya a ƙofa.
Ba ta ce komai ba.
Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin azahar hanjin ya koma cikinsa.

Yanzu gurnani yake yi ƙasa-ƙasa,
kamar mage ta ƙoshi.
A titin filin jirgi na murɗa totur,
iska ta cika mini riga,
na wuce Fuseini da akwatinsa a sabon babur,
ya bi ni da kallo, bai gane tsohon abokinsa ba.

Da na dawo na wanke wa Inna kwanonta,
sai ga noti ɗaya a gindi.
Na zagaya babur sau uku,
na durƙusa, na haska da waya,
ko'ina a ɗaure.

Yana aljihuna.
Duk sanda na taka birki a Kejetiya
sai na ji shi a cinyata,
yana tuna mini
akwai wurin da ban sani ba tukuna.